Iskar Farar Wuta da Tsarin Sharar Hanyoyin Numfashi: Nazari Daga Kankiya da Kusada

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci yadda iskar da ke tashi idan farar wuta ta ƙone, wadda masana kimiyya ke yi wa alama da SO₂, take raunana tsarin da jikin ɗan Adam yake share hanyoyin numfashinsa da shi. An ɗora nazarin a kan sakamakon binciken da masana suka wallafa tun daga shekarar 1956, sannan aka auna shi da yanayin muhalli da sana'o'in ƙananan hukumomin Kankiya da Kusada a jihar Katsina. Maƙalar ta nuna cewa rashin manyan masana'antu ba ya nufin rashin haɗari, domin ƙananan injuna masu shan man gas da ƙona tsofaffin tayoyi suna fitar da iskar a daidai hancin mutane, a lokacin da hunturu ya riga ya busar da majinar da ke kare su. A ƙarshe an kawo kalmomin Hausa da za su dace da koyar da wannan fanni.

Fitilun Kalmomi: farar wuta, gashin shara, majina, hunturu, Kankiya, Kusada

1.0 Gabatarwa

Baligi yana shaƙar iskar da ta kai lita 10,000 ko fiye a kowace rana. Iskar tana tafe da ƙura da toka da garin furanni da ƙwayoyin cuta, amma duk da haka can cikin huhun mai lafiya yakan kasance da tsabta. Dalili shi ne akwai tsarin shara da ke aiki dare da rana tun daga hanci har zuwa ƙananan bututan huhu, ba tare da mai jikin ya sani ba.

A tunanin Bahaushe na yau da kullum, majina da kaki ƙazanta ne, kuma bayyanarsu alama ce ta cuta. Mura da tari kuwa an fi danganta su da sanyi. Shi ma hayaƙi da ido ake auna sharrinsa, wato gwargwadon baƙinsa. Wannan fahimta tana da gaskiyarta, sai dai ta bar gurbi biyu. Na farko, majina ita ce garkuwar farko ta huhu, ko da mutum lafiyarsa lau. Na biyu, daga cikin abubuwan da ke lalata wannan garkuwa akwai iskar da ba ta da launi ko kaɗan. Manufar maƙalar ita ce ta cike waɗannan gurabe da bayanin kimiyya cikin Hausa, ta hanyar amfani da misalai daga Kankiya da Kusada.

2.0 Farar Wuta da Iskarta

Farar wuta ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Ana sayar da ita a kasuwa domin maganin ƙaiƙayi da sauran cututtukan fata, kuma tana cikin abubuwan da ake haɗa albarushi da su. A Turance sunanta salfa. Idan ta ƙone, kowace ƙwayar zarra tata takan haɗu da ƙwayoyi biyu na iskar oksijin, sai a sami SO₂. A nan za a riƙa kiran ta iskar farar wuta. Duk wanda ya taɓa ƙyasta ashana ya ji wani wari mai yaji ya doki hancinsa, to ya san ta.

Abubuwa uku ne suka fi muhimmanci game da ita. Ba ta da launi. Tana narkewa cikin ruwa nan da nan, ta mayar da shi mai tsami. Sannan nauyinta ya ninka na farar wutar da ta haife ta, domin giram ɗaya na farar wuta yana ba da giram biyu na iskar. Idan ta daɗe a sarari, wani kaso nata yakan rikiɗe ya zama ƙananan ɗigo na irin ruwan tsamin da ke cikin batirin mota, ko kuma ƙananan ɓurɓushi da ke iya kutsawa can cikin huhu.

Ɗanyen mai da kwal duk suna ɗauke da farar wuta tun daga ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa ƙona su ya zama babbar hanyar watsuwar iskar a duniya. A watan Disamba na 1952 hayaƙin kwal ya haɗu da hazo ya lulluɓe birnin Landan na tsawon kwana biyar. An fara ƙiyasta waɗanda suka rasu da kimanin mutum 4,000, daga baya wasu masana suka kai adadin kusan 12,000. Wannan musiba ce ta haifar da dokar tsabtace iska ta Birtaniya a 1956, ta kuma zaburar da bincike a kan abin da iskar farar wuta ke yi wa hanyoyin numfashi.

3.0 Tsarin Sharar Hanyoyin Numfashi

Iska tana shiga ta hanci, ta bi ta maƙoshi zuwa maƙogwaro. Daga nan maƙogwaro ya rabu gida biyu, kowane reshe ya ci gaba da rarrabuwa kamar rassan itaciya har sau ashirin da wani abu, kafin a kai ga 'yan jakunkunan da jini ke karɓar oksijin a cikinsu. Mafi yawan wannan hanya a shimfiɗe take da wani tantani mai laima, wanda ke ɗauke da ma'aikata iri biyu.

Na farko su ne ƙwayoyin halitta masu samar da majina. Wasu suna kan tantanin, siffarsu kamar ƙoƙo, wasu kuma suna tattare a ƙarƙashinsa a matsayin maɓuɓɓuga. Majinar da suke fitarwa hawa biyu ce: na ƙasa ruwa ne tsararo, na sama kuma mai yauƙi da danƙo, wanda ƙura da ƙwayoyin cuta ke maƙalewa a jikinsa.

Na biyu su ne ƙwayoyin halitta masu wasu siraran zare a kansu, waɗanda maƙalar ta kira gashin shara. Kada a haɗa shi da gashin hanci da ake gani da ido, wanda aikinsa tare manyan ɓurɓushi ne kawai. Tsawon kowane silin gashin shara bai wuce maikiromita 5 zuwa 7 ba, maikiromita kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Ƙwayar halitta guda tana ɗauke da sili kimanin 200, kuma kowanne yana kaɗawa fiye da sau goma a daƙiƙa ɗaya. Silin yakan miƙe ya taɓa majinar sama ya tura ta gaba, sannan ya lanƙwashe ya koma baya ta cikin ruwan ƙasa. Ba a lokaci guda suke kaɗawa ba, bi da bi suke yi, kamar yadda iska ke kwantar da gero a gona layi bayan layi. Ta haka majinar ke tafiya 'yan milimitoci a kowane minti, daga huhu zuwa sama, daga hanci kuma zuwa baya, su haɗu a maƙoshi a haɗiye su, ruwan tsamin ciki ya kashe abin da suka kwaso.

Wannan aiki yana da sharuɗɗa. Dole ruwan ƙasa ya kasance daidai tsawon gashin. Idan ya ƙafe, majinar ta danne shi. Dole majinar sama ta kasance tsaka-tsaki wajen kauri. Dole kuma kada ta yi tsami. Idan ɗaya daga ciki ya ɓaci, sai jiki ya koma ga tari da atishawa. Ke nan tari mai yawa shaida ce cewa sharar da ake yi a ɓoye ta gaza.

Masana suna auna lafiyar tsarin da gwaji mai sauƙi. Ana ajiye ɗan ƙwayar sakarin a cikin hanci, a ƙirga lokacin da mutum zai ji zaƙi a maƙoshinsa. Mai lafiya yakan ji shi cikin minti 20 ko ƙasa da haka.

4.0 Illar Iskar ga Tsarin Shara

4.1 Inda Iskar ke Sauka

Saboda saurin narkewarta, iskar farar wuta ba ta yin nisa idan ta hanci aka shaƙe ta. Speizer da Frank (1966) sun nuna cewa hancin mutumin da ke zaune a natse yana tsotse kusan dukkanta kafin ta kai maƙoshi. Wannan kariya ce ga huhu, amma tantanin hanci ne ke ɗaukar wahalar. Al'amarin yakan sauya idan mutum yana aikin ƙarfi, ko hancinsa ya toshe da mura. A lokacin yakan buɗe baki, numfashinsa ya ƙara sauri da zurfi, sai iskar ta tsallake hanci ta isa maƙogwaro da rassansa. Saboda haka mutum biyu za su iya kasancewa a wuri guda, amma mai dako ya kwashi abin da mai zaune a inuwa bai kwasa ba.

4.2 Gajeren Shaƙa

Da zarar iskar ta narke a cikin majina, sai ta ƙara mata tsami. Tsamin yana ƙara wa majinar kauri, yana kuma rage kuzarin gashin shara. Dalhamn (1956) a ƙasar Suwidin ya lura da maƙogwaron ɓeraye kai tsaye, ya ga tafiyar majina ta ragu a cikin waɗanda suka shaƙi iskar. A kan mutane kuwa, Andersen da abokan aikinsa (1974) a Denmak sun sa samari 15 sun shaƙi iskar na tsawon awa shida a matakai uku: kashi 1 da 5 da 25 cikin miliyan. A matakai biyu na sama, tafiyar majinar hanci ta ragu a fili.

Sai dai sakamakon bai zo da fuska ɗaya ba. Wolff da abokan aikinsa (1975) a Kanada sun ga cewa ɗan gajeren shaƙa yana iya ƙara saurin shara a bututan huhu, domin jijiyoyi sun ji zafi sun sa an ƙara zubo majina. A gwajin da Spiegelman da abokan aikinsa (1968) suka yi da jakuna a New York, sai da yawan iskar ya yi tsanani ƙwarai kafin sharar ta ja baya. Abin da za a fahimta shi ne, jiki yakan fara da ƙoƙarin wanke kansa, amma idan iskar ta yi yawa ko ta daɗe, ƙoƙarin yakan karye.

4.3 Doguwar Shaƙa

Babbar illa tana zuwa ne daga maimaitawa. Lamb da Reid (1968) a Landan sun sa ɓeraye shaƙar iskar mai ƙarfi na wasu awanni a rana har tsawon makonni. Ƙwayoyin da ke samar da majina suka ƙaru, har suka bazu zuwa ƙananan bututan da a da ba a cika samun su ba. Sauran gwaje-gwaje a kan dabbobi sun nuna zubewar gashin shara a wuraren da iskar ta fi taɓawa. Sakamakon shi ne majina ta yi yawa, masu tura ta sun yi kaɗan. Wannan siffa ta yi kama da ta daɗaɗɗen kumburin bututan huhu da ake gani a jikin mashaya taba, wanda alamarsa ita ce tari da kaki na wata da watanni. Majinar da ta kwanta kuma takan zama matattarar ƙwayoyin cuta.

Ya kamata a lura cewa yawan iskar da aka yi amfani da shi a gwajin dabbobi ya zarce na iskar gari nesa ba kusa ba. Amfanin gwajin shi ne nuna hanyar da illar ke bi. Shaidar abin da ke faruwa ga jama'a kuwa ta fito ne daga wurare irin su Hong Kong, inda a watan Yuli na 1990 aka taƙaita farar wutar da ke cikin man injuna zuwa rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Hedley da abokan aikinsa (2002) sun nuna cewa mace-macen cututtukan numfashi da na zuciya sun ragu bayan wannan mataki.

4.4 Masu Ciwon Asma

Masu asma su ne iskar ta fi saurin kamawa. Binciken Sheppard da abokan aikinsa a farkon shekarun 1980 ya nuna cewa rabin kashi ɗaya cikin miliyan ya isa ya tsuke bututan huhun mai asma cikin 'yan mintuna idan yana motsa jiki, alhali mai lafiya bai ji komai ba. Irin wannan sakamako ne ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka biyu: maikirogiram 500 a kowace kubik mita ta iska na tsawon minti goma, da kuma maikirogiram 40 a matsakaicin awa 24, kamar yadda ya zo a ƙa'idojinta na 2021.

5.0 Kankiya da Kusada

Kankiya da Kusada maƙwabtan juna ne a tsakiyar jihar Katsina, kuma tare da Ingawa suke mazaɓar tarayya guda. A ƙidayar 2006 Kankiya tana da mutum sama da 150,000, Kusada kuma kusan 100,000. Noman gero da dawa da wake da gyaɗa, tare da kiwo da fatauci, su ne ginshiƙan rayuwa. Babbar hanyar Kano zuwa Katsina ta ratsa yankin, ta Gidan Mutum Ɗaya da garin Kankiya. Wuri ne da iska ke kaɗawa a fili, don haka abin dubawa shi ne 'yan wuraren da hayaƙi ke haɗuwa da hancin mutum kafin iska ta tarwatsa shi.

5.1 Man Gas

Tireloli da tankoki da ke bin babbar hanya, da injinan niƙa, da manyan janaretoci, galibinsu man gas suke sha. Yawan iskar farar wutar da suke fitarwa ya dogara ne kacokan a kan ingancin man. A Tarayyar Turai iyakar farar wuta a man gas kashi 10 ce cikin miliyan tun 2009. A Nijeriya, a da an daɗe ana amincewa da kashi 3,000. A watan Satumba na 2016 ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwizalan ta fitar da rahoto a kan man da ta gwada a ƙasashen Afirka takwas, inda ta sami wanda ya ninka iyakar Turai sau 378. A watan Fabrairu na 2020 ministocin ƙasashen ECOWAS suka amince a Wagadugu da iyakar kashi 50.

Lissafin misali zai nuna abin da bambancin ke nufi. Lita ɗaya ta man gas tana da nauyin kimanin giram 840. Idan tana ɗauke da kashi 3,000 cikin miliyan, farar wutar cikinta giram biyu da rabi ce, wadda za ta ba da giram biyar na iskar. A ɗauka ɗakin niƙa ne mai tsawon mita 4, faɗin mita 3, tsayin mita 2.5, wato kubik mita 30. Ko da kashi ɗaya cikin ɗari ne kawai na iskar ya tsaya a ɗakin, za a sami kusan maikirogiram 1,670 a kowace kubik mita, wato fiye da ninki uku na iyakar minti goma. Da man mai kashi 50 ne, adadin bai wuce 28 ba. Masu tsayuwa a irin wannan ɗaki kuwa su ne mai injin, da yara da 'yan mata da aka aika niƙan tuwo, a cikin ƙurar gari wadda ita ma tsarin shara ne zai kwashe ta.

5.2 Tayoyi da Itace

Ana sarrafa robar taya da farar wuta domin ta yi ƙwari, don haka ƙona tsohuwar taya yana sakin iskar tare da baƙin hayaƙi mai guba iri-iri. Duk inda aka yi babbakar kai da ƙafa da taya, ko aka ƙona ta a bola, ko aka ji ɗumi da ita, mai tsaye a kan wutar ne ke fara shaƙa. Itacen girki da gawayi kuwa farar wutar cikinsu kaɗan ce. Hayaƙin murhu yana cutarwa ƙwarai, amma ta hanyar ɓurɓushi da wasu iskoki dabam. Bambancewar tana da amfani, domin gyaran murhu ba zai magance matsalar ɗakin niƙa ba.

5.3 Hunturu

Daga Nuwamba zuwa Maris busasshiyar iska takan taso daga arewa maso gabas, ɗauke da ƙurar da mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take. Ƙarancin laima yana ƙafar da ruwan da gashin shara ke kaɗawa a ciki, ƙura kuma tana ƙara wa majina kaya. Da asuba da almuru iska mai sanyi takan kwanta a ƙasa ta riƙe hayaƙi kusa da mutane, a daidai lokacin da ake rufe tagogi. Mura kuma tana toshe hanci a koma numfashi ta baki. Saboda haka iskar farar wuta takan tarar da tsarin da ya riga ya gaji. Abin da ake kira sanyi ya kama ƙirji a wannan lokaci, sau da yawa haɗuwar waɗannan abubuwa ne.

6.0 Matsayin Harshe da Shawarwari

Garin Kankiya yana da Makarantar Koyon Fasahar Kiwon Lafiya, wadda ɗalibanta ke karatu da Turanci amma da Hausa za su yi wa jama'a bayani. Idan babu kalma, saƙon yakan taƙaita ga cewa hayaƙi ba shi da kyau, abin da kowa ya riga ya sani. Maƙalar ta ba da shawarar kalmomi uku: iskar farar wuta, gashin shara, da tsarin sharar hanyoyin numfashi. Dukkansu an gina su ne daga kalmomin da mai niƙa da mahauci suka sani, kuma kowace tana ɗauke da bayanin aikinta. Haka kuma ya dace a riƙa bambanta majinar lafiya, wadda ake haɗiyewa ba a sani ba, da kakin da ke fita da tari. Tarin da ya kai mako biyu yana buƙatar gwaji a asibiti, domin a tabbatar ba tarin fuka ba ne.

A aikace, ana iya ɗaukar matakai masu sauƙin kuɗi. A ƙara wa salansar injin niƙa bututu ya fita waje ya wuce saman rufi, a kuma ware wa masu jira wuri a waje ta inda iska ke tasowa. A nisanta janareto daga taga da ƙofa. Ƙungiyoyin mahauta su hana babbaka da taya. Takunkumin ƙyalle yana rage ƙura, amma ba ya tare iskar farar wuta, don haka kada a dogara da shi. Mai asma ya guji aikin ƙarfi kusa da injin da ke aiki. Hukumar NMDPRA mai kula da tacewa da rarraba mai, da hukumar NESREA mai kula da ƙa'idojin muhalli tun 2007, su riƙa gwada man da ake sayarwa a ƙauyuka har da na 'yan bumburutu. Jami'o'in jihar kuma za su iya haɗa awon iskar ɗakunan niƙa da gwajin sakarin ga masu aikin, a damina da kuma hunturu, domin a kwatanta.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta bayyana cewa hanyoyin numfashi suna share kansu ta hanyar haɗin aikin majina da gashin shara, kuma iskar farar wuta tana ɓata wannan aiki ta hanyar tsamar da majina, da rage kaɗawar gashin, da kuma ƙara yawan majinar idan shaƙar ta daɗe. Girman illar ya dogara ne a kan yawan iskar, da tsawon lokaci, da ko ta hanci aka shaƙa ko ta baki, da kuma lafiyar mai shaƙar. A Kankiya da Kusada waɗannan sharuɗɗa sun fi haɗuwa a ɗakin niƙa da wurin babbaka da gefen babbar hanya, musamman da hunturu. Lissafin da aka kawo ya nuna cewa ingancin mai kaɗai yana iya rage iskar sau sittin, sauran kuma gyare-gyare ne da mai injin zai iya yi a rana guda idan an yi masa bayani da harshen da yake ji.